Yadda Ake Auna Ingancin Ajin Komawa Karatu a Sakandaren Gwamnati

Tambayar da masu karatu suka fi turo mana a 'yan watannin nan kusan iri ɗaya ce: an buɗe ajin yamma a sakandaren gwamnatin unguwarmu domin waɗanda karatu ya yanke musu, to ta yaya za mu san ko karatu ake yi ko ɗumama benci? Wasu masu tambayar 'yan kwamitin gudanar da makaranta ne, wasu magidanta ne da ke son mayar da matansu aji, wasu kuma ƙungiyoyin unguwa ne da aka nemi su sa kuɗi.

Shirye-shiryen da ake magana a kai sun haɗa da ajin matan aure da zawarawa, da ajin yamma na samarin da ke kasuwa ko gareji da safe, da cibiyoyin ci gaba da karatu na hukumar ilimin manya ta jiha, da azuzuwan gaggawa da ake matse karatun shekaru da yawa cikin ɗan lokaci. Duk wanda ke gudana a ginin gwamnati kuma ya yi alkawarin kai ɗalibi ga takardar ƙaramar sakandare ko babba, wannan jagorar ta shafe shi.

Tambaya ɗaya za ku bi daga farko har ƙarshe: cikin waɗanda suka shigo ranar farko, mutum nawa ne suka fita da karatu a ka da takarda mai aiki a hannu? Duk matakan da ke ƙasa hanyoyin samun amsar wannan ne.

Abin da za ku tanada

Mutum uku ko huɗu sun isa. Dole a samu mace aƙalla ɗaya idan akwai ɗalibai mata, sannan a samu wanda ya taɓa koyarwa a sakandare, ko da ya yi ritaya. Kada a sa malamin da ke koyarwa a shirin, ko ɗan uwan shugaban makarantar.

Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu mai kauri ga kowa, waya mai agogon ƙirga daƙiƙa da kalkuleta, kwafi 30 na takardar gwajin karatu da lissafi, fensira 30, da kwafin manhajar ajin da za ku duba. Kuɗin da za ku kashe na mota ne na ziyara uku, da na hoton takardu, da katin waya na kiran mutum kamar 20. Katin wayar shi ne abin da ake yawan mantawa, alhali shi zai kawo muku labarin da ba ya cikin kowace rajista. Aikin duka yana cin mako uku zuwa huɗu.

1. Ku gano mai shirin da abin da ya yi alkawari

Kafin ku taka makarantar, ku san wace hukuma ce ke riƙe da shirin. Gini yana iya zama na hukumar sakandare, malamai na SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuɗin alawus kuma daga wani shiri na masu ba da tallafi. Idan aka samu matsala, kowa zai nuna ɗan uwansa. Ku rubuta suna uku: mai biyan malamai, mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da mai sa hannu a takardar kammalawa.

Sai ku tambayi wace manhaja ake bi. Idan aka ce ta gaggawa ce da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta tsara, wadda ake kira ABEP, ku sani ta 'yan shekara 10 zuwa 18 ce, kuma mataki uku gare ta: na farko yana madadin firamare 1 zuwa 3, na biyu firamare 4 zuwa 6, na uku ƙaramar sakandare. A nan ta tsaya. Shirin da ke bin ta kuma yana yi wa mutane alkawarin WAEC, dole ya nuna muku inda za su yi karatun SS1 zuwa SS3.

Gargaɗi: kada ku karɓi amsar baki. Ku ce a nuna muku takardar amincewa da shirin da kwafin manhajar. In aka ce "tana ofis, an kulle", ku rubuta ranar, ku sake nema a zuwa na biyu.

2. Izini da ranakun ziyara

Ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, ku kai kwafi ofishin ilimi na shiyya. Ku faɗi ko ku su wane ne, da takardun da kuke son gani, da cewa ba za ku ambaci sunan ɗalibi ko malami a rahoto ba. Ku shiga da ladabi, "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe" ba ya rage muku komai. Shugaban da ya ɗauka farautarsa aka zo yi zai ɓoye ko abin da ba laifi ba ne.

Zuwa uku za ku yi. Na farko da sanarwa, domin takardu. Sauran biyun ku faɗi makon, kada ku faɗi ranar. Ku sa ɗaya ya faɗo ranar kasuwar garin ko Alhamis, domin a nan ake ganin gaskiyar zuwan ɗalibai.

Gargaɗi: ku kauce wa makonni biyu na farkon zango, da makon jarrabawa, da watan azumi. Abin da za ku gani a waɗannan lokutan ba shi ne halin makarantar na kullum ba. A karkara ku lura da kaka, lokacin da aji ke watsewa saboda girbi.

3. Ku bi sahun rukuni ɗaya daga shiga har fita

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa domin yana da gajiyarwa. Ku nemi rajistar shiga makaranta, da rajistar kiran suna ta kowane zango, da jerin waɗanda aka yi wa rajistar jarrabawar ƙarshe, da sakamakon da hukumar jarrabawa ta turo. Ku ɗauki rukunin da ya kammala na baya-bayan nan, ku koma shekarar da suka shigo, ku kwafe sunayensu duka a gefen hagu na littafinku. Sai ku ja layuka: ƙarshen shekara ta ɗaya, ta biyu, ta uku, rajistar jarrabawa, sakamako. Kowane suna ku bi shi layi-layi.

Ga misali domin a ga yadda lissafin yake. A ce mutum 120 ne suka shiga SS1. A ƙarshen shekara saura 84, a ƙarshen SS2 saura 60, waɗanda suka kai ƙarshen SS3 su 48 ne. An yi wa 40 rajistar jarrabawa, 30 suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Makaranta za ta ce kashi 75 cikin 100 sun ci, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin 30 cikin 40 ke nan. Amma ku da kuka faro daga 120, abin da za ku rubuta shi ne kashi 25 cikin 100. Ku kuma lura inda ramin ya fi zurfi: mutum 36 sun zube a shekarar farko kaɗai. Nan ne gyara zai fi amfani.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Na farko, sababbin sunaye da ke faɗowa a SS3, mutanen da ba su taɓa zama a ajin ba sai dai an sa su domin jarrabawa. Ku ware su gefe, kada ku haɗa su da rukunin. Na biyu, ɗaliban safe da aka turo ajin yamma dab da jarrabawa saboda ba su da ƙoƙari ko sun cika fitina. Idan kuka ga irin wannan da yawa, ajin ya zama juji, ana share sakamakon makarantar safe da shi.

Bayan haka ku zaɓi mutum 15 zuwa 20 cikin waɗanda suka daina zuwa, ku kira su ko ku aika. Matar aure mace ce za ta kira ta, kuma da sanin maigidanta. Tambaya ɗaya ta isa: "Malama, me ya sa kika daina zuwa?" Ku rarraba amsoshin. Wadda ta koma makarantar safe ko ta bi mijinta wani gari ta ci gaba a can, ba asara ba ce. Wadda ta haihu ba a ba ta damar dawowa ba, ko wanda kuɗin mota ya gagara, ko wanda ya ce malamai ba sa zuwa, waɗannan ne ke kan wuyan shirin.

Gargaɗi: rajistar da aka cika da biro ɗaya, da hannu ɗaya, babu gogewa babu datti tun farkon zango har ƙarshe, an zauna ne an rubuta ta a dare ɗaya. Rajistar gaskiya tana da tawada kala-kala da gefen shafi da ya sha hannu.

4. Ƙirga kawuna da awanni

A zuwa na biyu da na uku, ku iso kafin lokacin fara darasi. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa yana rubuta ƙarfe nawa malami ya shiga, ƙarfe nawa aka fara, mutum nawa ne a aji bayan minti 15 da kuma bayan awa ɗaya. Ku gwada adadin da abin da aka sa a rajistar ranar.

Sannan ku fitar da ainihin awannin karatu a mako. Sakandaren safe mai darasi 8 na minti 40 tana ba da awa 5 da minti 20 a yini, wato kusan awa 25 a mako idan aka rage na Juma'a. Ajin yamma da aka rubuta masa ƙarfe 2 zuwa 5, kwana huɗu a mako, awa 12 ne a takarda. Ku cire minti 30 na jiran 'yan safe su fita a share aji, ku cire minti 20 na sallar la'asar, saura awa 2 da minti 10 a yini, awa 8 da minti 40 a mako. Sulusin lokacin 'yan safe ke nan, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna.

Ƙarancin awanni shi kaɗai ba laifi ba ne, babba yakan kama abu da sauri fiye da yaro. Abin tambaya shi ne ko shirin ya san da gibin ya yi masa tanadi: an rage yawan darussa zuwa waɗanda za a zauna jarrabawarsu, an ƙara zango, an ba Turanci da Lissafi kaso mafi tsoka, ko kuwa an kwafo jadawalin safe ne aka liƙa a bango.

5. Ku zauna a aji

Darasi huɗu aƙalla, biyu daga ciki Turanci da Lissafi. Ku zauna a baya, kada ku sa baki, kada ku gyara wa malami kuskure a gaban ɗalibansa. Duk minti biyar ku rubuta abin da ake yi: malami na magana, ana kwafar allo, ɗalibai na aiki da kansu, ko ba a yin komai. Idan minti 30 cikin 40 kwafar allo ne, kun ga abin da kuka zo gani.

Ku lura da harshe. Jarrabawa da Turanci ake yi, amma matar da ta bar aji shekara takwas ba za ta fahimci darasin da babu Hausa ko kalma ɗaya a ciki ba. Malamin kirki yakan warware abu da Hausa, ya maimaita da Turanci, ya sa ɗalibi ya rubuta da Turanci. Wanda ya tsaya a Hausa zalla ya ji daɗin aji amma ya cuce su ranar jarrabawa.

Bayan darasi ku karɓi littattafan ɗalibai biyar da ku kuka zaɓa. Ku duba ranar ƙarshe da jan biron malami ya taɓa su, ku kuma gwada abin da ke ciki da dayarin da malami ke rubuta abin da ya koyar. Idan dayari ya ce an kai mako na takwas, littafin ɗalibi kuma yana mako na uku, littafin ɗalibi za ku gaskata.

6. Ku gwada ɗalibai da kanku

Makin zango da malami ya bayar ba ya isa hujja, domin shi ya koyar, shi ya tambaya, shi ya yi maki. Ku yi naku ɗan gwajin.

Zaɓe: ku buɗe rajista, ku ɗauki kowane suna na uku har ku samu mutum 10 daga sababbin shiga da 10 daga ajin ƙarshe. Wanda ba ya nan ku rubuta ba ya nan, ku ɗauki na ƙasa da shi. Kada ku yarda a kawo muku "masu ƙoƙarin ajin".

Karatu: ku zaɓi sakin layi mai kalma kamar 120 daga littafin Turanci na JS1 wanda ba shi ake amfani da shi a makarantar ba, da wani makamancinsa na Hausa. Ɗalibi ya karanta a bayyane minti ɗaya, ku ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. Sai ya ƙarasa a zuci, ku yi masa tambaya biyar a kan abin da ya karanta. Na Hausar yana da amfani na musamman: wanda ya karanta Hausa sarai ya kasa Turanci, matsalarsa harshe ce. Wanda ya kasa duka biyun, haɗa baƙi ne bai iya ba, kuma maganin kowanne daban ne.

Lissafi: tambaya 10, minti 15. Biyu na ɗebewa mai aro, biyu na ninkawa, biyu na rabawa, biyu na ɓangaren lamba, biyu na kaso cikin ɗari da aka sa a sigar ciniki, kamar ribar buhun masara. Za ku sha mamakin 'yan kasuwar da ke yin wannan a ka cikin daƙiƙa biyar amma su kasa rubuta shi. Ku rubuta hakan ma, domin malamin da ya san aikinsa daga nan zai faro.

Rubutu: layi biyar da Turanci, wasiƙar neman izinin fashin kwana biyu.

Gwaji iri ɗaya za ku ba rukunin biyu, domin tazarar da ke tsakaninsu kuke nema. Idan 'yan ajin ƙarshe ba su fi sababbin shiga da wani abin kirki ba, shekarun da suka yi a wurin ba su ƙara musu komai ba, ko da sakamakon WAEC ɗinsu ya yi kyau. Haƙiƙa ma a nan ne za ku fi buɗe ido: ɗalibin da ya kasa amsa uku cikin tambaya biyar a littafin JS1 amma 'yan ajinsu na bara duk sun kwashi B3 a Turanci, akwai tambaya a kan yadda ake zaman jarrabawa a wurin.

Gargaɗi biyu. Ku tuna masu rauni su suka fi zubewa a hanya, saboda haka 'yan ajin ƙarshe za su fi ƙoƙari ko da ba a koya musu komai ba. Ƙaramar tazara ba abin yabo ba ce. Sannan ku gwada mutum shi kaɗai, a keɓe, ku gaya masa ba ya shafar makinsa. Uwar 'ya'ya huɗu da aka sa ta yi tuntuɓe da kalma a gaban yara, ƙila gobe ba za ta dawo ba, ku ne kuma sanadi.

7. Malamai

Ku nemi jerin malaman shirin da takardunsu da darasin da kowa ke ɗauka. NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya, kuma malami ya kamata ya kasance da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa. Ku duba ko abin da ya karanta shi yake koyarwa, musamman Lissafi, Turanci da kimiyya. Tsarin ilimi na ƙasa ya sa ɗalibi 35 ga malami ɗaya a ƙaramar sakandare, 40 a babba. A ajin da kowa ya zo da matakinsa daban, 40 ma sun yi yawa.

Tambayoyin da suka fi tona gaskiya su ne waɗannan: darasi nawa ya koyar da safe kafin ya shigo na yamma, wata nawa yake bin alawus, kuma shi ya nemi ajin ko turo shi aka yi? Malamin da ya tsaya tun ƙarfe 8 kuma yana bin bashin wata biyar, ba sai an gaya muku abin da zai faru bayan la'asar ba.

8. Ina hanyar ta ɓulle?

Mutum yana iya yin shekara uku yana karatu na gaske ya fita da takardar da babu inda za a karɓe ta. Saboda haka ku bi wannan a hankali.

Ga 'yan matakin ƙaramar sakandare, ku tabbatar ana yi musu rajistar BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta jiha ko ta NECO, kuma akwai babbar sakandaren da ke karɓarsu a SS1. Ku nemi sunayen waɗanda suka wuce bara, ku je makarantar ku ga ko suna cikin rajistarta.

Ga 'yan babbar sakandare, ku tambayi ta wace ƙofa suke shiga jarrabawa. Idan a matsayin 'yan makaranta ne, dole makarantar ta kasance tana da lambar cibiya daga WAEC ko NECO, kuma ana tura makin aikin zango na ɗaliban yamma kamar yadda ake tura na 'yan safe. Ku ce a nuna muku. Idan a matsayin masu zaman kansu ne, WAEC tana yin tasu sau biyu a shekara, farkon shekara da ƙarshenta, NECO kuma a ƙarshen shekara. Wannan hanya ce halastacciya kuma takardarta tana aiki, sai dai a gaya wa ɗalibi tun ranar shiga, a kuma faɗi wanda zai biya. Tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa a kwamfuta, JAMB kuwa ta daɗe da komawa kwamfuta gaba ɗaya. Ku tambayi ɗalibai biyar ko sun taɓa riƙe linzamin kwamfuta a makarantar.

Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba sa shiga lissafin biyar ɗin da manyan makarantu ke nema. Ku ƙirga da kanku daga takardar da hukuma ta turo, kada daga jadawalin da makaranta ta buga. Ku kuma duba haɗin darussa: mai son makarantar koyon jinya tana buƙatar Bayoloji da Kemistiri da Fizis, kuma ajin yamma da yawa ba sa koyar da su domin ɗakin gwaji a kulle yake bayan tashin 'yan safe. Idan an ɗauki ɗaliba da wannan buri aka sa ta ajin da babu kimiyya, an yaudare ta.

Inda ake koyar da sana'a, ɗinki ko gyaran lantarki ko girki, ku tambaya ko ana kai su jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, ko gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago. Ku ƙirga kekunan ɗinkin da ke aiki, ban da waɗanda aka jera don baƙi. Inda aka haɗa da Arabiyya da addini, NBAIS, hukumar nazarin Arabiyya da addinin Musulunci ta ƙasa, ita ce mai jarrabawar.

Gargaɗi: ku tambaya ko kowane ɗalibin ajin ƙarshe yana da NIN, kuma suna da ranar haihuwar da ke ciki sun dace da na rajistar makaranta. Matan aure da yawa suna shiga da sunan miji alhali takardar firamare da sunan uba take. Gyaran wannan bayan sakamako ya fito wahala ce mai tsawo.

Gargaɗi na biyu: idan kuka ji ana kwashe ɗalibai zuwa wata makarantar ƙauye domin jarrabawa, ana karɓar kuɗi fiye da na rajista, wannan ita ce hanyar cibiyoyin satar amsa. Hukumar jarrabawa tana iya riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya ko ta soke shi, har da na wanda bai ji ba bai gani ba.

9. Abubuwan da ke korar mutum daga aji

Ku zaga da ƙafarku a lokacin da ajin ke ci, domin abin da ke buɗe da safe yakan kasance a kulle da yamma. Banɗakin mata daban yake, yana da ƙofa da ruwa? Akwai inuwa da tabarma da mai kula da jarirai, ko goyo ake shiga aji da shi? Ana tashi da sauran rana yadda mai nisa za ta isa gida kafin magariba? Akwai mai gadi a lokacin? Benci na 'yan shekara 12 ne aka ce mai ciki wata bakwai ta zauna a kai?

Sai ku zauna da ɗalibai shida zuwa takwas, babu malami a kusa, mata da mace, maza da namiji. Ku tambaye su abin da ake karɓa a hannunsu, malamin da ya fi fashi, abin da ake yi wa wadda ta haihu a tsakiyar zango, da wanda za su kai wa ƙara idan malami ya nemi wata da lalata ko ya ci mutuncin wani. Idan suka kalli juna aka rasa mai ambaton suna, babu hanyar kai ƙara ke nan, ko da an rubuta ta a takarda.

Gargaɗi: kada ku ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba. Idan aka gaya muku maganar cin zarafi, kada ku jira rahoto, kada kuma ku tunkari wanda ake zargi. Ku kai ta ga hukumar da ke sama da makarantar a ranar, ba tare da fallasa mai maganar ba.

10. Kuɗi

Lissafi biyu za ku yi. Na farko, abin da ɗalibi ke kashewa a zango: mota, littattafai, yunifom, kuɗin da ake karɓa da sunan alli ko jarrabawar zango, da kuɗin rajistar jarrabawar ƙarshe, wanda za ku ɗauko na shekarar daga hukumar kanta. Dokar UBE ta 2004 ta sa karatu kyauta ne har ƙarshen ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati, don haka duk abin da ake karɓa a wannan matakin ku nemi rasit da dalili.

Na biyu, abin da shirin ke ci. A misalinmu na baya, a ce an kashe naira miliyan 6 a shekara uku. In aka raba da 120, naira 50,000 ne kowane kai, kuma wannan za a nuna muku. In aka raba da 30 da suka fita da kiredit biyar, naira 200,000 ne. Da wannan adadin na biyu ake gwada shiri da shiri.

Ku kuma tambayi ranar da kuɗin zai ƙare. Shirye-shirye irin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 aka faro da jihohi bakwai da suka haɗa da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno, duk suna da wa'adi. Ku nemi sanin ko alawus ɗin malaman yana cikin kasafin jiha, ko kuwa ranar da tallafi ya tsaya ajin ma ya tsaya da mutane a tsakiyar SS2.

11. Hukunci da rahoto

Kada ku tara maki ku raba. Fenti mai kyau da kujeru sababbi za su rufe ramin da bai kamata a rufe ba. Ku fara da sharuɗɗa uku waɗanda faɗuwa a ɗaya ta isa a ce shirin bai inganta ba: babu tabbatacciyar hanyar jarrabawa da takarda mai aiki, 'yan ajin ƙarshe ba su fi sababbin shiga ba a gwajinku, ko akwai barazana ga mutunci da lafiyar ɗalibai da ba a magance ba. Shirin da ya tsallake ukun ne za a auna sauran ɓangarorinsa da "mai kyau", "da dama" ko "mai rauni", kowanne da hujjarsa a gefe: adadi, rana, da takardar da aka gani.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu. Shafin farko jadawalin rukunin da kuka bi, da awannin mako, da sakamakon gwaji. Shafi na biyu gyara uku kacal, kowanne da wanda zai yi shi da ranar da za a gama. Ku raba abin da shugaban makaranta zai iya yi gobe, kamar buɗe banɗaki da ɗakin gwaji da yamma, da abin da sai hukuma, kamar biyan alawus.

Ku fara kai wa shugaban makarantar ya karanta, ku ba shi mako ɗaya ya gyara kuskuren adadi idan akwai, da hujja. Ra'ayinku kuwa ba nasa ba ne da zai canza. Daga nan ku miƙa wa kwamitin makaranta da ofishin shiyya da sashen tabbatar da inganci na ma'aikatar ilimi, ku karɓi sa hannu da hatimi a kwafinku.

Ku adana takardun gwajin da lambobin da kuka ba ɗaliban maimakon suna. A mako na shida na zango mai zuwa ku koma ba sanarwa, ku nemo sababbin shigan nan 10, ku ga nawa ne suke nan, ku sake ba su gwaji mai nauyi ɗaya da wani sakin layi daban.